Fentin ƙarfe a naɗe

Fentin ƙarfe a naɗe wata hanya ce ta masana'antu da ake bi a wanke dogon fallen ƙarfe, a shafa masa sinadarin kariya da fenti, a gasa fentin a tanderu, sannan a sake naɗe shi, duk a tafiya ɗaya ba tare da injin ya tsaya ba. Fallen yakan zo ne a naɗe kamar gammo, kuma tsawonsa yakan kai ɗaruruwan mitoci ko dubbai. Abin da ya bambanta wannan hanya da fentin da aka saba gani shi ne ana yin sa tun ƙarfen yana shimfiɗe, kafin a yanka shi ko a lanƙwasa shi. Bayan an gama ne ake sayar da naɗin ga masu yin kwanon rufi, jikin firji, ƙofofi, silin, allunan talla da murafen kwalabe.

A ƙasar Hausa an fi sanin abin da wannan hanya ke samarwa ta kwanon rufi mai launi, wanda ake gani a kan gidaje, makarantu, masallatai da shaguna, tun daga manyan birane kamar Kano da Kaduna har garuruwa irin su Kwatarkwashi, Tsafe da Bunguɗu a Jihar Zamfara. Launin da ke kan irin wannan kwano ba kafinta ne ya shafa shi ba. Daga masana'anta ya zo da shi, kuma kaurinsa bai kai na silin gashin kai ba.

Suna

Kalmar kwano a Hausa tana nufin mazubin abinci na ƙarfe, daga baya ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da fallen ƙarfen da ake rufi da shi. Daga nan aka samu kwanon rufi da gidan kwano, har kalmar ta shiga sunayen wurare, kamar Gidan Kwano da ke kusa da Minna, inda babbar harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya take. Kalmar fenti aro ce daga Ingilishi, haka ma kwayil, wadda 'yan kasuwar kayan gini ke kiran naɗin ƙarfe da ita. Tutiya, wato farin ƙarfen da ake lulluɓe baƙin ƙarfe da shi don kada ya yi tsatsa, kalma ce da ta zo daga Larabci. Alminiyom kuwa yana da tsofaffin sunaye a Hausa, wato sanholo da goran ruwa. A Jamhuriyar Nijar akan ji kalmar tol, daga Faransanci, a wurin da Hausawan Najeriya za su ce kwano.

Tarihi

Abubuwa uku ne suka haɗu suka haifar da kwanon rufi mai launi: lanƙwasa falle don ya yi ƙarfi, lulluɓe shi da tutiya, da kuma yi masa fenti a kan inji.

A 1829 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Henry Robinson Palmer ya yi rajistar fasahar yi wa fallen ƙarfe tudu da kwari, abin da ke ba siririn falle ƙarfin ɗaukar nauyi. A 1837 Bafaranshe Stanislas Sorel ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya. Shekaru kusan ɗari ana yin wannan tsomi ne falle ɗaya bayan ɗaya, sai a shekarun 1930 injiniya ɗan Folan Tadeusz Sendzimir ya ƙirƙiro hanyar da dogon falle ke ratsa tukunyar tutiya ba tsayawa.

Fentin naɗi kansa ya faro ne a Amurka a shekarun 1930, kuma ba don rufi aka fara shi ba. Masu yin labulen taga na siraran ƙarafa ne suka nemi hanyar da za su daina fentin kowane sili shi kaɗai. Ana danganta injinan farko da Joseph Hunter na jihar Kalifoniya, wanda a 1946 ya haɗa gwiwa da Henry Sonnenberg suka kafa kamfanin Hunter Douglas. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injinan suka ƙara faɗi da gudu, masu gine-gine da masu ƙera kayan gida suka karɓi fasahar. An kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, NCCA, a 1962, ta Turai kuma, ECCA, a 1967. A 1965 aka fito da fentin Kynar 500 mai jure rana, a 1966 aka fara yin kwanon Colorbond a Port Kembla ta Ostireliya, a 1972 kuma kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ya fito da Galvalume, wato ƙarfen da aka lulluɓe da gaurayen alminiyom da tutiya.

Ƙarfen da ake yi wa fenti

Iri uku aka fi amfani da su a harkar rufi.

Na farko shi ne baƙin ƙarfe mai rigar tutiya. Ana ratsa fallen ta cikin tutiyar da aka narkar a zafin da ya kai kusan digiri 450 a ma'aunin Salshiyos. Ana auna kaurin rigar da nauyi: alamar Z275 tana nufin giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita, idan aka haɗa fuska biyu. Amfanin tutiya shi ne ita ke fara lalacewa a madadin ƙarfen. Idan aka karce kwano ko aka yanka bakinsa, tutiyar da ke gefen wurin takan ci gaba da kare shi har sai ta ƙare. Saboda haka yawan tutiya shi ne tsawon ran kwano.

Na biyu shi ne baƙin ƙarfe mai rigar gauraye, wanda ake kira Aluzinc ko Galvalume. Rigarsa ta ƙunshi kashi 55 cikin ɗari na alminiyom, kashi 43.4 na tutiya da kashi 1.6 na silikon. Ya fi na farko daɗewa a sarari, amma ba ya jituwa da ɗanyen siminti ko tururin fitsarin dabbobi.

Na uku shi ne alminiyom, wanda akan gauraya da ɗan manganis don ya ƙara ƙarfi. Ba ya jan tsatsa, kuma nauyinsa kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne: giram 2.7 a kowane santimita mai fuska shida, na baƙin ƙarfe kuwa 7.85. Sai dai ya fi taushi, kuma ya fi miƙewa idan ya ji zafi.

Matakan aiki

Injin fentin naɗi jerin injuna ne da aka haɗa a layi ɗaya, wanda tsawonsa kan wuce mita ɗari. Fallen yana shiga ta wannan ƙarshe tsirara, ya fita ta wancan da fenti busasshe cikin 'yan mintoci. Manyan layuka sukan yi gudun da ya kai mita 200 a minti ɗaya, ƙanana kuma ƙasa da haka sosai.

Warwarewa da ɗinki

Ana ɗora naɗin a kan wani gungumen ƙarfe mai juyawa da ke warware shi. Idan naɗi ya kusa ƙarewa, sai a haɗa wutsiyarsa da kan sabon naɗi, ko dai ta hanyar huda su a maƙale, ko ta walda. Wannan haɗi yana bukatar bakin fallen ya tsaya cik, alhali tsakiyar layin ba ta da damar tsayawa, domin fallen da ya tsaya a cikin tanderu fentinsa zai ƙone. Maganin wannan shi ne rumbun ajiya: wata hasumiya mai roloni sama da ƙasa, inda fallen ke hawa da sauka sau da yawa. Lokacin da ake ɗinki, rolonin sukan matso kusa da juna su saki fallen da suka tara. Misali, layin da ke gudun mita 100 a minti, idan ɗinki zai ci minti ɗaya, dole rumbunsa ya riƙe aƙalla mita 100. Akwai wani rumbun irinsa a ƙarshen layi, don lokacin sauke naɗin da ya cika.

Wanki

Falle yakan zo da man da aka shafa masa a wurin murza, da ƙura. Fenti ba ya kama maiƙo, don haka ana fesa masa ruwan zafi mai sinadarin wanki, a goge shi da burushi mai juyawa, a ɗauraye shi sau da dama, ɗauraya ta ƙarshe da ruwan da aka cire wa gishiri. Yawancin ɓarewar fenti da ke bayyana bayan shekaru daga ha'inci ko sakaci a wannan mataki take farowa.

Sinadarin riƙo

Bayan wanki ana shafa wani sinadari mai ruwa-ruwa da ke haɗuwa da fuskar ƙarfen ya bar wata 'yar fata wadda ba ta kai maikiron ɗaya ba. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Aikin wannan fata biyu ne: ta ba fenti wurin kamawa, ta kuma hana tsatsa rarrafawa a ƙarƙashinsa. A da an fi amfani da sinadaran kuromiyom, yanzu masana'antu da yawa sun koma na titaniyom da zakoniyom.

Shafa fenti

Ba a amfani da burushi ko feshi. Roloni ne ke shafawa. Rola ta farko, ta ƙarfe, tana ɗebo fenti daga kasko. Ta biyu, mai rigar roba, tana karɓa daga gare ta ta shafa wa fallen. Wasu injinan suna da rola ta uku mai daidaita yawan fentin. Galibi rolar shafawa tana juyawa ne ta fuskar da ta saba wa tafiyar fallen, domin hakan ya fi ba da shafi mai santsi. Ana sarrafa kaurin fenti ta hanyar matsin da ke tsakanin rolonin, da gudunsu, da kaurin fentin kansa. Ana iya shafa sama da ƙasan falle a lokaci guda.

Sau biyu ake shafi. Na farko shi ne fentin ƙasa, mai kaurin kusan maikiron 5, wanda ke ɗauke da sinadaran hana tsatsa. Bayan an gasa shi sai a shafa fentin sama, mai kusan maikiron 20, wanda shi ne mai launi kuma shi ke fuskantar rana da ruwa. Bayan fallen kuma akan yi masa siririn fenti, sau da yawa ruwan toka, mai maikiron 5 zuwa 10. Jimillar maikiron 25 da ke fuskar sama ita ce aka saba da ita a kwanon rufi, alhali silin gashin mutum yakan kai maikiron 50 zuwa 100.

Gashi da sanyayawa

Daga wurin shafi fallen yana shiga tanderu kai tsaye. Da yake fentin ɗanye ne a fuska biyu, babu abin da zai taɓa shi. A wasu tanderun fallen yana rataye ne tsakanin bakin shiga da na fita kamar igiyar shanya, a wasu kuma iska mai zafi ce ke ɗauke da shi daga sama da ƙasa. Cikin ƙasa da minti ɗaya sinadarin da ya tsinka fentin yakan ƙafe, danƙon da ke cikinsa ya sarƙe ya taurare. Abin da ake lura da shi ba zafin iskar tanderu ba ne, mafi girman zafin da ƙarfen kansa ya kai ne, wanda ga yawancin fenti yake tsakanin digiri 200 da 250. Idan gashi bai kai ba, fenti yakan yi taushi ya manne wa kansa a cikin naɗi. Idan ya wuce, yakan yi gautsi ya tsage a wurin lanƙwasa, launinsa kuma ya sauya. Da fitowa ake fesa wa fallen ruwa ya huce, a busar da shi.

Naɗewa

A ƙarshen layi ma'aikata sukan duba fuskar fallen, a yanki samfuri don gwaji. Akan buga sunan masana'anta da kaurin falle a bayansa, wani lokaci a manna masa siririyar leda ta kariya, ko a bi da shi ta rola mai zane don ya fito da ƙyasfi-ƙyasfi kamar yaɓen bango. Daga nan sai a naɗe, a ɗaure, a lulluɓe.

Ire-iren fenti

Kowane fenti ya ƙunshi garin launi, da danƙon da ke riƙe shi, da sinadarin tsinkawa. Da sunan danƙon ake kiran fentin.

Foliyesta shi ne aka fi amfani da shi saboda sauƙin kuɗi da sauƙin lanƙwasuwa. Akwai mai jure rana sosai, akwai mai saurin koɗewa.

Foliyesta mai gauraye da silikon ya fi tauri da jure rana, amma bai kai na farko sauƙin lanƙwasuwa ba.

PVDF shi ne ya fi riƙe launi a ƙarƙashin rana mai zafi. Akan haɗa kashi 70 cikin ɗari nasa da kashi 30 na akirilik. Yana da tsada, shi ya sa aka fi ganinsa a manyan gine-gine.

Foliyuretan yakan fi foliyesta kauri, yana kuma jure karta.

Filastisol, wanda ake yi da PVC, yana da kaurin maikiron 100 zuwa 200. Yana da kyau a wuraren danshi da hayaƙin masana'antu, amma zafin rana mai tsanani yana saurin tsufar da shi.

Garin launi ma yana da tasiri. Wanda aka samo daga ma'adinai, kamar ja mai duhu da ruwan ƙasa da ake yi da tsatsar ƙarfe, ba ya saurin sauyawa. Ja mai haske da wasu launuka masu ɗaukar ido sun fi saurin koɗewa idan danƙon ba mai kyau ba ne.

Gwajin inganci

Tun da za a lanƙwasa fallen bayan an yi masa fenti, dole fentin ya iya miƙewa tare da ƙarfen ba tare da ya tsage ba. Akwai gwaje-gwajen da aka saba yi wa kowane naɗi. A gwajin ninki ana ninke samfuri a kan kansa, a duba ko fenti ya tsage a gwiwar ninkin. A gwajin riƙo ana tsaga fentin da reza gida-gida kamar dara, a manna salatif a fizge, a ga ko wani gida ya ɓare. A gwajin gashi ana goga tsumma mai sinadarin MEK sau da yawa, idan fentin ya narke to bai gasu ba. Ana gwada tauri da fensira masu tauri daban-daban, a auna kauri, ƙyalli da launi da na'urori. Don gwada tsatsa ana ajiye samfuri na ɗaruruwan sa'o'i a cikin akwati mai hazon ruwan gishiri kashi 5 cikin ɗari, a zafin digiri 35. Ƙa'idojin da aka fi ambata su ne EN 10169 na baƙin ƙarfe, EN 1396 na alminiyom, EN 13523 na hanyoyin gwaji, da ASTM A755 na Amurka.

A Najeriya

Masana'antun murza ƙarfe da gwamnatin tarayya ta gina a Katsina, Jos da Oshogbo an tsara su ne don rodi da waya, ba don falle ba. Masana'antar narkar da alminiyom ta ALSCON da ke Ikot Abasi a Jihar Akwa Ibom ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, kuma ko bayan da kamfanin RUSAL na Rasha ya karɓe ta a 2007 aikinta bai ɗore ba. Wannan ya sa harkar falle ta dogara ƙwarai ga shigo da kaya daga waje, musamman daga Sin da Indiya, ko dai naɗi tsirara da za a yi wa fenti a cikin gida, ko wanda aka riga aka yi masa.

Daga cikin kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni akwai First Aluminium, wanda ya fara da sunan Alcan Aluminium of Nigeria a 1960 kuma ya kafa injinansa na murza da fenti a Fatakwal, da Kolorkote na rukunin Tower Aluminium da MINL, dukansu a Ota ta Jihar Ogun, da KAM Industries a Ilori.

Abin da ya fi yawa a arewa shi ne mataki na gaba, wato lanƙwasawa. Mai shago yakan sayi naɗi ya ɗora a kan injin da ke da jerin roloni, kowace tana ƙara wa fallen lanƙwasa kaɗan har ya fito da siffar da ake so, sannan a yanka daidai tsawon da mai gini ya auno. Wannan shi ne dogon kwano da ake kira lonsifan a kasuwa, wanda falle ɗaya kan tashi daga ƙololuwar rufi har bakinsa ba tare da haɗi ba. Ya bambanta da gajeren kwano na gargajiya da ake sayarwa bandir-bandir, falle 20 a kowane bandir. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano tana cikin manyan wuraren cinikin kayan gini a arewa.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin sa ido. Tana da tsarin MANCAP na kayan cikin gida da SONCAP na kayan da ake shigowa da su, kuma ta ƙayyade cewa kwanon rufi na alminiyom kada ya gaza milimita 0.4. Kaurin da aka fi ji a kasuwa shi ne 0.45, 0.55 da 0.7.

Dalilin da ya sa ake rage kauri yana cikin lissafi. Ana sayen naɗi da nauyi, amma ana sayar da kwano da tsawo. Tan ɗaya na alminiyom mai kaurin 0.55 yana ba da kusan murabba'in mita 673. Idan kaurin 0.45 ne, 823. Idan 0.35 ne, ya haura 1,050. Haka abin yake a fenti: lita ɗaya da rabinta ke saura bayan ta bushe tana rufe murabba'in mita 25 a kaurin maikiron 20, amma tana rufe 50 idan aka rage zuwa maikiron 10. A ranar saye ido ba ya bambanta waɗannan, domin launi da ƙyalli iri ɗaya ne. Ko na'urar auna kauri da ake matsa bakin falle da ita tana haɗawa ne da fenti, wanda kan ƙara kusan milimita 0.03 a kan kaurin ƙarfen.

A Kwatarkwashi da kewaye

Kwatarkwashi gari ne a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, a gindin babban dutsen da aka san garin da shi, a kan titin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe zuwa Gusau. Ta wannan titi manyan motoci ke shigo da kayan gini daga Kano, Kaduna da kudancin ƙasar, kuma Gusau ce babbar kasuwa mafi kusa ga mai neman kwano daga garuruwan yankin.

Rufin gargajiya a nan, kamar sauran ƙasar Hausa, shi ne jinka ta ciyawa da kuma soro na azara da ƙasa. Magina sun daɗe da sanin cewa ƙarkon rufi yana ga abin da aka shafe shi da shi. Shi ya sa ake dafe soro da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, gashin jima da dafara, a kuma shafe bango da makuba ta kwasfar ɗorawa. Irin wannan shafi yana bukatar sabuntawa lokaci-lokaci kafin damina. Kwano ya yaɗu a zamanin mulkin mallaka ta hanyar tasoshin jirgin ƙasa, kantuna da rumbunan gyaɗa da auduga, musamman bayan da layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Kwano mai launi kuwa ya zo ne daga baya sosai, kuma gine-ginen gwamnati da suka ƙaru bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1 ga Oktoba 1996 sun taimaka wajen sabawa da shi.

Yanayin yankin yana gwada kwano ta wata fuska daban da ta bakin teku. A Legas da Fatakwal danshi da gishirin iska ne ke cin ƙarfe. A Zamfara iska a bushe take mafi yawan shekara, don haka tsatsa ba ta da sauri, amma rana tana da ƙarfi. Haskenta yana karya danƙon fenti a hankali har garin launi ya fito fili, abin da ake gane shi idan aka shafa hannu a kan tsohon kwano aka ga gari kamar alli. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan rufi ta dusashe ƙyallinsa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin iska kan kai digiri 40, kwano mai duhun launi yakan fi iskar zafi nesa ba kusa ba, shi ya sa fari da sauran launuka masu haske suka fi sanyaya ɗaki, musamman inda babu silin.

Sauyin zafi tsakanin rana da dare yana sa kwano miƙewa da tsukewa. Fallen alminiyom mai tsawon mita 10 yakan ƙaru da kusan milimita 12 idan zafinsa ya hau da digiri 50, na baƙin ƙarfe kuma da kusan rabin haka. Wannan kai da komo yana faɗaɗa ramin ƙusa. Idan guguwar farkon damina ta zo, siririn falle yakan yage a daidai ƙusar, iska ta shiga ƙarƙashinsa ta yaye rufin. Ga magidancin da ya tara kuɗin amfanin gona na shekaru kafin ya yi rufi, bambancin kashi ɗaya cikin goma na milimita yana iya zama bambanci tsakanin rufin da zai gadar wa 'ya'yansa da wanda zai sake saye.

Abubuwan da ke lalata shi

Ko kwano mai inganci yana lalacewa idan ba a kula ba. Yanka shi da giranda yana ƙona fenti da tutiyar bakin yankan, tartsatsin kuma ya nutse a cikin fenti ya zama ɗigon tsatsa. Almakashin ƙarfe ya fi dacewa. Jan falle a kan falle yana karce shi. Idan ruwa ya shiga tsakanin fallayen da aka jibge, tutiya takan yi farar tsatsa cikin 'yan kwanaki. Ledar kariya da aka bari a rana takan manne ta ƙi fita. Ɗanyen siminti yana cin alminiyom da Aluzinc. Ƙusar da ba ta da rigar kariya takan yi tsatsa ta ɓata wurin da ta shiga. A turken dabbobi, ɗakin kaji da wurin ajiyar takin zamani, lalacewa takan faro ne daga ciki, inda fentin ya fi siranta.

Muhalli da lafiya

Fentin naɗi ya fi feshi tsimi, domin kusan duk fentin da aka ɗebo yana komawa kan ƙarfe ne, ba cikin iska ba. Tururin da ke tashi a tanderu akan tattara shi a ƙone a zafin da ya wuce digiri 700, a mayar da zafin cikin tanderun. Babbar damuwa ita ce kuromiyom mai daraja shida, wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da wasu sinadaransa daga watan Satumba na 2017 sai da izini na musamman. Wasu tsofaffin launuka, musamman rawaya da ruwan lemo, suna ɗauke da darma. Inda ake tarar ruwan sama daga indararo, akan bar ruwan farko ya zube don ya wanke ƙura da garin fenti. Baƙin ƙarfe da alminiyom duka ana iya sake narkar da su, kuma tsohon kwanon alminiyom yana cikin kayan da 'yan gwangwan ke saye, wani kuma ya ƙare a hannun maƙeran tukwane.

Duba kuma

Kwanon rufi
Tutiya
Alminiyom
Tsatsa
Ginin gargajiya na Hausa
Kwatarkwashi